Yadda ake shirya yawon yini ɗaya a gaɓar tekun Gana da mota da ɗan jagora na kanka

Daga Akra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, Elmina kuma tana gaba da kilomita 12 ko 13. A taswira za ka ga kamar titin yana bin bakin teku tun daga farko har ƙarshe, amma ba haka abin yake ba. Babbar hanyar, wadda ake kira N1, ta cikin ƙasa take bi. Za ka wuce Kasoa, ka wuce mararrabar Winneba, ka wuce Mankessim, duk ba ka ga ruwa ba sai gonaki da kasuwanni da gidajen mai. Sai bayan Saltpond teku yake fara leƙowa ta hannun hagu, tsakanin itatuwan kwakwa. Wanda ya hau motar haya daga tashar Kaneshie zai isa lafiya kuma da arha, sai dai abin da ya je gani rabinsa zai wuce shi, domin kyan wannan gaɓa yana ƙarshen ƙananan hanyoyin da suke ratsewa daga titi, kuma direban haya ba zai ratse saboda kai ba.

Abin da kake saye ke nan idan ka ɗauki mota da ɗan jagora na kanka: ikon ka ce a ratse, a tsaya, a ƙara minti ashirin. Yinin gajere ne, tafiya da dawowa kaɗai za su ci awa shida zuwa bakwai, don haka duk shirin da ke ƙasa a kan yadda za a tattala sauran awannin yake.

Fara da zaɓen rana

Kada ka zaɓi Talata idan kana son ganin masunta a bakin aiki. A yawancin garuruwan wannan gaɓa al'ada ta hana fita kamun kifi ran Talata. Za ka tarar da kwalekwale a jere a kan yashi, mutane suna ɗinkin koma. Wannan ma abin kallo ne, amma ba shi ne hayaniyar sauke kifi da ake ba da labari ba. Juma'a da yamma da Lahadi da yamma cunkoson shiga da fita Akra yakan yi muni. Laraba ko Alhamis sun fi sauƙi. Asabar kuma ranar jana'iza ce a kudancin Gana, kuma jana'izarsu taro ne babba da rumfuna da kiɗa, wani lokaci har a tare ƙaramin titi.

Damina biyu suke yi a kudu: babba daga Afrilu zuwa wajen Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba. Yuni ne ya fi ruwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ba ruwa, amma hazon hunturu yana saukowa har teku, sararin sama ya yi fari, hoto ya ƙi fita. A ganina Agusta da Nuwamba sun fi daɗi, Agusta saboda sanyi-sanyi, Nuwamba saboda ganye bai bushe ba tukuna. Akwai kuma ranakun bukukuwa da ya kamata ka sani, ko don ka nufe su ko don ka kauce musu: Aboakyer a Winneba Asabar ta farko a Mayu, Bakatue a Elmina Talata ta farko a Yuli, Fetu Afahye a Cape Coast Asabar ta farko a Satumba. A waɗannan ranaku garin yakan cika maƙil, mota ba ta motsi.

Takardu ba su da yawa. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma katin rigakafin cutar shawara dole ne, a filin jirgi ko a kan iyaka za a tambaye shi. Ɗan Nijar ya bincika halin da ake ciki kafin ya taso, tunda ƙasar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Gyara naka tun daren da ka sauka, kada direba ya zo ya tarar kana barci ko kai ka zauna jiransa awa guda.

Nemo mutumin, ka tantance shi

Hanyoyi uku ne. Ko kamfanin yawon buɗe ido mai lasisin Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Gana, ko otal ɗin da ka sauka su haɗa ka da wanda suka saba aiki da shi, ko kuma ta hannun 'yan uwa a zango. A unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango na Akra Hausa ce harshen titi, kuma ba wuya a sami direba da ya san hanyar Cape Coast ciki da bai. Kowace hanya da ribarta. Na kamfani ya fi tsada amma akwai ofishin da za ka koma idan an saɓa. Na zango ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin magana, ya san inda masallaci yake da inda ake sayar da abinci na halal, sai dai sau da yawa direba ne kawai, bai karanci tarihin wuraren ba.

A nan mutane suke ruɗewa, don haka tambaya ƙarara: mutum ɗaya ne zai yi tuƙi ya kuma yi bayani, ko mutum biyu ne? Idan ku biyu ne ko uku, direba mai ɗan sani ya wadatar, domin a cikin manyan ganuwoyin biyu, wato tsofaffin gine-ginen Turawa na Cape Coast da Elmina inda aka tsare bayi, ma'aikatan Hukumar Gidajen Tarihi ta Gana ne suke zagayawa da baƙi, ɗan jagoranka ba shi zai yi wannan bayanin ba. Aikinsa yana waje: ya san ƙaramar hanyar da take kaiwa bakin ruwa, ya yi wa masunta magana da Fante, harshen mutanen wannan gaɓa, ya nemo mai riƙe da makullin ƙaramar ganuwa, ya lura da agogo. Idan kuma iyali ne da tsofaffi waɗanda ba sa jin Turanci, nemi mai jin Hausa ya shiga tare da ku ya riƙa fassarawa, tunda bayanin ciki da Turanci ake yi.

Kira shi a waya kafin ka biya ko sisi. Tambaye shi ƙarfe nawa ya kamata a tashi, kuma a ina za a fara tsayawa. Wanda ya ce maka ƙarfe takwas ma ya yi, bai san cunkoson Kasoa ba ko kuma bai damu da yininka ba. Wanda ya yi maka alƙawarin dajin Kakum da Cape Coast da Elmina da rafin Assin Manso da wanka a teku duk a yini ɗaya, shi ma ka bar shi.

Yi ciniki dalla-dalla, a rubuce

Kuɗin mota ake yankewa, ba kuɗin kai ba, saboda haka mutum huɗu sun fi mutum ɗaya cin riba. Kafin ku rabu a waya, a rubuta waɗannan a saƙon WhatsApp yadda kowa zai iya komawa ya duba: mai a cikin kuɗin yake ko kai za ka zuba, kuɗin shiga ganuwoyi wa zai biya, abincin direba a kan wa yake, ƙarfe nawa yinin ya ƙare, kuma nawa ne kowace awa da aka ƙara, wace irin mota ce, kuma na'urar sanyayarta tana aiki ko a'a. Kuɗin shiga wuraren tarihi kashi-kashi ne, na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, na ɗalibi da yaro daban, wasu wuraren har da kuɗin kyamara. Idan an ce maka "komai yana ciki", nemi a lissafa komai ɗin.

Ba da kafin alƙalami kaɗan, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, sauran sai an dawo da kai ƙofar masaukinka. Riƙe sidi, kuɗin Gana, a hannu, ƙananan takardu, domin mai kwakwa da mai kifi ba su da canjin babbar takarda. Kusan kowa yana karɓar kuɗin waya da suke kira momo, amma sai kana da layin Gana mai rajista. Naira da sefa ka canza su a Akra tun jiya.

Da safe kafin ka shiga, zagaya motar sau ɗaya. Duba tayoyi da safaya, duba takardun inshora da na lafiyar mota da ake liƙawa a gilashin gaba, ja bel ɗin kujerun baya ka ga suna kamawa. Akwai shingayen 'yan sanda a hanya, motar da takardunta ba su cika ba kuma lokacinka za ta ci. Ɗauki hoton lambar motar ka tura wa wani naka. Lambar neman agajin gaggawa a Gana 112 ce.

Tashi bayan Asuba, ba bayan karin kumallo ba

Ƙarfe biyar da rabi mota ta kama hanya. Dalilin guda ne: mashigar yamma ta Akra, daga mararrabar Mallam zuwa Weija zuwa Kasoa. Ka wuce nan kafin shida da rabi, ka tsira. Ka makara da awa ɗaya, ka yi asarar biyu. Karin kumallo a yi shi a hanya. Masu koko da ƙosai suna fitowa tun da duhu, kuma yawancinsu da Hausa za ku yi ciniki. Tambayi direba tun daren jiya halin da titin Kasoa zuwa Winneba yake ciki, domin an daɗe ana aikin faɗaɗa shi, kuma inda aka karkatar da motoci yakan canza.

A jaka: ruwan sha mai yawa, hula, takalmi mai rufi wanda ba ya santsi, tawul ƙarami, buta da darduma. Mai saurin jiri a mota ya zauna gaba.

Inda za a ratse a tafiya

Tsayawa ɗaya ko biyu kafin Cape Coast, kada su wuce haka. Zaɓi na farko Apam ne, 'yan kilomitoci daga babban titi. A kan tudu akwai ƙaramar ganuwa da Turawan Holan suka fara ginawa a 1697, ana kiranta Fort Patience, daga samanta kana ganin dukan mashigin ruwan da kwalekwale masu tutoci kala-kala. Matsalar Apam ita ce shiga da fita za su ci maka kusan awa ɗaya.

Zaɓi na biyu, wanda na fi so, shi ne ka wuce kai tsaye har bayan Saltpond. A Abandze ganuwar Fort Amsterdam tana kan tudu dab da titi. Ingilishi ne suka gina ta a 1638, Holan suka ƙwace a 1665. Rabinta kango ne, ba cunkoson baƙi, hawan minti biyar ne, kuma daga can za ka ga gaɓar ta miƙe gabas da yamma, farin kumfa yana dukan duwatsu. Nan ne wurin hoton safe, rana tana bayanka idan ka fuskanci yamma. Gaba kaɗan sai Anomabo, inda Fort William take a tsakiyar gari, ginin da Ingilishi suka fara a 1753. Daga nan zuwa Biriwa titin yana matsowa kusa da ruwa, ka ce wa direba ya rage gudu, a sauke gilashi.

Mankessim, tsohuwar cibiyar Fante, kasuwa ce babba a kan hanya. Ajiye ta sai dawowa.

Cape Coast: ware mata awa biyu

Ana buɗe ganuwar wajen ƙarfe tara na safe. Yi ƙoƙari ka shiga kafin goma da rabi, kafin motocin 'yan makaranta su iso kuma kafin zafi ya yi ƙarfi. Turawan Suwidin ne suka fara kafa sansani a wurin a 1653, Ingilishi suka karɓe a 1664, kuma nan ne mazaunin mulkinsu a wannan gaɓa har zuwa 1877 da aka mai da hedikwata Akra. UNESCO ta sa ganuwoyin gaɓar Gana cikin wuraren tarihi na duniya a 1979.

A bakin ƙofa samari za su tare ka da fara'a, su tambayi sunanka da garinku. Idan ka faɗa, kana fitowa za ka tarar an rubuta sunan a jikin ƙwaryar dodon koɗi ana jiran kuɗi. Ba faɗa ba ne, sana'a ce. In kana so ka saya, in ba ka so ka yi murmushi ka wuce ba tare da ka ba da suna ba.

Zagayen yakan ɗauki minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya. Za a gangara da ku kurkukun maza a ƙarƙashin ƙasa, ɗakuna masu duhu da 'yan ƙananan tagogi can sama, a nuna muku cewa cocin Turawan a saman wannan kurkuku aka yi shi. Za a kai ku ɗakin da ake kulle waɗanda suka yi tawaye har su mutu, sannan kurkukun mata, sannan ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Mai ciwon asma ko mai tsoron matsattsen wuri ya tsaya kusa da mashiga. Yara ƙanana a yi musu bayani tun a mota. A cikin rukuninku da wuya a rasa baƙaƙen fata daga Amurka ko Jamaika da suka zo neman tushensu, wasu za su yi kuka. Ba wurin raha ba ne, ba wurin ɗaukar bidiyo ana dariya ba ne. Barack Obama ya ziyarci wurin da iyalinsa a Yulin 2009, akwai allon tunawa da zuwan.

Bahaushe kada ya tsaya a nan kamar labarin wasu ake ba shi. Da yawa daga waɗanda aka tsare a ɗakunan nan daga arewa aka gangaro da su, kuma Salaga, kasuwar da fataken Kano da Katsina suke zuwa sayen goro a ƙasar Gwanja, babbar kasuwar bayi ce a zamaninta. Tambayi mai zagayawa da ku game da hanyar arewa. Yawancinsu sun san ta, sai dai ba sa faɗa sai an tambaya. Bayan zagayen hau bene ka shiga gidan tarihin, sannan ka tsaya a kan katanga wajen igwogin ka leƙa ƙasa, inda masunta suke ja da kwalekwale a gindin ginin.

Abinci da salla

Tafiyar ta wuce nisan da ake yin ƙasaru, don haka Azahar da La'asar raka'a biyu-biyu ne ga wanda ya zo daga Akra, sai dai in ya bi limamin gari. Akwai masallaci a unguwar zango kusa da kasuwar Kotokuraba a tsakiyar Cape Coast. Gaya wa ɗan jagora tun da safe cewa za a tsaya salla, ya sa ta cikin lissafin lokaci.

Abincin wurin dokunun Fante ne da ake naɗewa a ganyen ayaba, da soyayyen kifi da yajin shito. Akwai kuma miyar kifi da manja da suke kira fante-fante. Kifi shi ne mafita ga mai taka-tsantsan, domin a kudancin Gana ana sayar da naman alade a fili, kuma a wasu gidajen abinci tukunya ɗaya ce. Tambaya ba laifi ba ce. Idan za ku ci a gidan abinci na bakin ruwa, ɗan jagora ya kira su ya ba da oda tun kuna cikin ganuwa. In ba haka ba za ku zauna awa guda kuna jiran kifi ya gasu.

Elmina da rana

Minti ashirin zuwa talatin ne daga Cape Coast, kuma wannan guntun titin shi ne mafi kyau a duk tafiyar: teku a hagu, layin kwakwa, sai farin ginin ganuwar Elmina ya bayyana can gaba a kan tsinin ƙasa. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, shi ne ginin Turawa mafi daɗewa da ya rage a Afirka kudu da Sahara. Da farko zinariya suka zo nema. Holan suka ƙwace a 1637 bayan sun hau tudun da ke fuskantarsa da igwa, kuma don kada a yi musu abin da suka yi wa wasu sai suka gina ganuwa a kan tudun, wadda ake kira St. Jago. Ingilishi suka karɓa a 1872. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan kama shi a 1896, kafin a kai shi Saliyo, daga baya tsibiran Seychelles.

Wasu za su ce ganuwa ɗaya ta isa, duk labarin ɗaya ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma idan tsofaffi sun gaji, ba dole a sake shiga kurkuku ba. Amma kada a fasa zuwa Elmina saboda haka, domin garin kansa ne abin gani. Tsaya a kan gadar da take haye bakin tafkin Benya: ɗaruruwan kwalekwale a cushe, kowanne da fenti da tuta da rubutun addu'a a jikinsa, mata da manyan kwanoni suna ciniki, hayaƙin bandar kifi yana tashi. Sannan hau St. Jago da ƙafa, minti goma ne, ka ga ganuwar da tafkin da tekun a kallo ɗaya. Kafin ka ɗauki hoton mutum, bari ɗan jagora ya nemi izini. Matan kasuwar kifi ba sa son a ɗora musu kyamara ba sallama, kuma za su gaya maka da babbar murya.

Maganar Kakum da maganar wanka

Kusan kowane ɗan jagora zai kawo maka Kakum, dajin da ke kilomita 30 arewa da Cape Coast, mai gadar igiya guda bakwai da aka ɗaure a saman itatuwa, tsawonsu duka kimanin mita 350. Wuri ne mai kyau, amma ba gaɓar teku ba ne, kuma zuwa da hawa da dawowa awa uku ne. Idan ka sa shi, cire Abandze da Anomabo da ɗaya daga manyan ganuwoyin, ka fara da shi da sassafe. Haka Assin Manso, rafin da aka ce nan bayi suke wankan ƙarshe, yana kan hanyar Kumasi ne. Mai son duka ya kwana a Cape Coast.

Wanka kuwa, ka yi hattara ƙwarai. Tekun nan yana da igiyar da take ja ta ƙasa zuwa ciki, kuma yawancin bakin ruwan ba masu ceto. Wanda ya koyi iyo a kogi ko a dam kada ya ɗauka ya iya wannan. Shiga iya gwiwa, riƙe hannun yaro, kada ka juya wa ruwa baya a kan duwatsu don hoto. Idan akwai sauran lokaci, Brenu da ke yamma da Elmina tana da yashi mai tsabta da inuwar kwakwa. Zauna ka sha ruwan kwakwa, ya isa.

Juyowa

Ƙarfe uku da rabi, ko huɗu in an makara, a kama hanyar gida. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, duhu kuma yana rufewa nan da nan. Titin yawancinsa hannu biyu ne ba shinge a tsakiya, manyan motocin da suke zuwa Takoradi da iyakar Kodebuwa suna bin sa, kuma ya yi ƙaurin suna wajen haɗari. Direban da ya tashi tun huɗu na asuba ya gaji. In ka ga yana yawan wuce motoci a kwana, yi magana, motar kai ka ɗauka. A Mankessim a tsaya minti goma a sayi dokunu da abarba na tsaraba, direba ya miƙe ƙafa. Magariba za ta same ku wajen Winneba ko Kasoa, inda masallatai suke bakin titi.

A ƙofar masauki duba kujeru da bayan mota kafin ka sauka, biya ragowar kuɗin, karɓi rasit idan kamfani ne. Na goro ba dole ba ne, amma idan mutumin ya tsaya inda ka ce ya kuma dawo da ku lafiya, kashi goma cikin ɗari na kuɗin motar ba ɓarna ba ne, a ba shi a hannunsa ba ta ofis ba.